Shugaban kwamitinmu na kurket shi ke sayar mana da kaya, ɗansa kuma yana cikin 'yan wasa: akwai laifi?

Tambaya daga wani malamin wasanni a Sakkwato:

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato. Mu kaɗan ne masu koya wa yara wasan kurket, sai muka haɗu muka kafa ɗan kwamiti don shirya gasa tsakanin makarantunmu da fitar da tawaga idan an gayyace mu waje. Wanda muka ba shugabanci dattijo ne mai son wasan, yana da shagon kayan wasanni, kuma a wurinsa muke sayen ƙwallaye da sanduna. Sau da yawa ma da kuɗin aljihunsa ake yin abubuwa. Ɗansa na cikin yaran da suka fi iya bugu, shugaban kuma yana zama wurin zaɓen 'yan wasa. Kocinmu shi ma yana da yaran da yake koya wa da yamma, iyayensu na biyan shi. Yanzu iyaye sun fara guna-guni. Ni dai ban taɓa ganin dattijon nan ya ci kwabon kowa ba. Shin akwai laifi a wannan tsari? In akwai, ya za mu gyara ba tare da mun ɓata masa rai ba, ganin cewa in ya janye wasan ma zai iya mutuwa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari naku. Koya wa yara kurket a garin da ƙwallon ƙafa ya cinye kowane fili, ga kuma ranar Sakkwato, ba ƙaramin aiki ba ne.

In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya. Na farko, ko mutumin da bai ci kwabon kowa ba zai iya zama matsala saboda kujerar da yake kai da abin da ya mallaka. Na biyu, yadda za a gyara ba tare da an kori wanda ke riƙe da wasan ba. Ƙulli uku ka lissafa: shago, ɗa, da koci. Akwai na huɗu da ka kawo a matsayin yabo, wato kuɗin aljihunsa da ake aiki da su, kuma a ganina shi ne zai fi ba ku ciwon kai nan gaba.

E, tsarin yana da matsala, ko da dattijon waliyyi ne. Cin amana aiki ne da mutum ya aikata. Abin da ke gabanku kuwa hali ne da mutum ya tsinci kansa a ciki: an ba shi ikon yanke shawara a madadin jama'a, alhali shawarar za ta taɓa aljihunsa ko jininsa. Yana iya yanke ta daidai sau ɗari, amma wanda ke waje ba shi da hanyar tabbatarwa, shi kansa ma ba zai rantse cewa zuciyarsa ba ta ɗan karkata ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a garin Shehu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin shaidu, inda aka ce ba a karɓar shaidar ɗa ga iyayensa, ko ta iyaye ga ɗansu, ko ta miji ga matarsa. Malamai ba su ce uban maƙaryaci ne ba. Yana iya zama mafi adalcin mutanen unguwa, a karɓi shaidarsa a kan kowa, ban da wadda za ta amfani ɗansa, don a toshe ƙofar tuhuma. Ga kuma hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Kundin tsarin mulkin 1999 ma, a Jadawali na Biyar, da wannan ya buɗe ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata: kada ma'aikacin gwamnati ya sa kansa inda maslaharsa za ta ci karo da aikinsa. Dokar ba ta jira sai ya ci ba. Kwamitinku na sa-kai ne, amma in makarantarku ta gwamnati ce, kai da 'yan'uwanka malamai ta shafe ku.

Abin da ya faru a Indiya

Ba inda aka sayi wannan darasi da tsada kamar Indiya, ƙasar da ta fi kowace kuɗi a kurket. Hukumarsu, BCCI, tana da doka a rubuce, sashe na 6.2.4, wadda ta hana jami'anta shiga harkar kasuwanci a wasannin da hukumar ke shiryawa. A farkon 2008, da aka yi gwanjon ƙungiyoyin IPL, sabuwar gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya da hukumar ta shirya, kamfanin siminti na India Cements ya sayi ƙungiyar Chennai Super Kings a kan dala miliyan 91. Mai tafiyar da kamfanin, N. Srinivasan, shi ne ma'ajin hukumar a lokacin. Maimakon a ce ya zaɓi ɗaya, sai a watan Satumba na wannan shekara aka yi wa dokar kwaskwarima, aka cire IPL daga cikinta. Srinivasan ya zama sakatare, a 2011 ya zama shugaba, a 2014 kuma ya hau kujerar shugaban hukumar kurket ta duniya, ICC.

Dubi yadda igiyoyin suka harɗe. Shugaban masu zaɓen tawagar ƙasa, Kris Srikkanth, ya taɓa zama jakadan tallan ƙungiyar Chennai yana kan kujerar zaɓe. Kyaftin ɗin ƙasa, M.S. Dhoni, shi ne kyaftin ɗin Chennai, daga baya ma aka ba shi muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin simintin. A ƙarshen 2012 wani tsohon ɗan kwamitin zaɓe, Mohinder Amarnath, ya fito fili ya ce sun so su sauke Dhoni daga kyaftin bayan kashin da Indiya ta sha a Ingila da Ostareliya, shugaban hukuma ya hana. Mai yiwuwa hanawar daidai ce, don Dhoni ne ya ciyo wa Indiya kofin duniya a 2011. To amma wa zai yarda, alhali wanda ya hana shi ne mai ƙungiyar da Dhoni ke jagoranta?

A watan Mayun 2013 abin ya fashe. 'Yan sandan Delhi suka kama 'yan wasa uku na ƙungiyar Rajasthan Royals ta IPL, har da Sreesanth wanda ya buga wa ƙasa, bisa zargin cogen wasa. Kwanaki kaɗan bayan haka 'yan sandan Mumbai suka kama Gurunath Meiyappan kan caca a wasannin gasar. Meiyappan surukin Srinivasan ne, mijin 'yarsa, kuma kullum ana ganinsa tare da ƙungiyar Chennai. Srinivasan ya ce ai mai sha'awar wasa ne kawai. Hukumar ta kafa kwamitin tsofaffin alƙalai biyu, suka ce ba su ga hujja ba, sai Babbar Kotun Bombay ta ce kafa kwamitin ma ya saɓa wa ƙa'ida. Kotun Ƙoli ta sa Mai shari'a Mukul Mudgal ya bincika, ya gano cewa Meiyappan jami'in ƙungiyar ne kuma ya yi cacar. Ranar 22 ga Janairu 2015 kotun ta soke kwaskwarimar 2008, ta ce Srinivasan ba zai sake tsayawa takara ba muddin yana da hannu a ƙungiyar. A watan Yuli na shekarar, kwamitin tsohon Alƙalin Alƙalai R.M. Lodha ya dakatar da Chennai da Rajasthan na shekara biyu, ya haramta wa Meiyappan da Raj Kundra, ɗaya daga masu ƙungiyar Rajasthan, shiga harkar kurket har abada.

Ga abin da nake so ka riƙe, Malam. Kotu ba ta sami Srinivasan da laifin caca ko coge ba. Abin da ya kayar da shi shi ne, ranar da aka buƙaci hukuma ta hukunta wata ƙungiya, sai aka tarar mai hukuncin shi ne mai ƙungiyar, wuƙa da nama duk a hannu ɗaya. Shekara biyar tsarin yana tafiya, ana cin kofuna ana tafi, kafin wannan rana ta zo. Naku ma haka yake: yau lafiya lau, sai ranar da aka kawo ƙwallayen da suka fashe a wasan farko, ko ranar da aka bar ɗan wani aka tafi da ɗan shugaba.

Sai dai Indiyawan sun yi gyara har ya so ya wuce gona da iri, kuma wannan ɓangaren ya fi shafar tambayarka ta biyu. A 2016 Kotun Ƙoli ta amince da shawarwarin Lodha: ba wanda ya haura shekara 70 zai riƙe muƙami, ba minista, ba ma'aikacin gwamnati, a huta shekara uku tsakanin wa'adi, a naɗa jami'in ɗa'a mai karɓar ƙorafi. Da shugabannin suka yi jan ƙafa, a Janairun 2017 kotu ta sauke shugaban hukumar Anurag Thakur da sakatarensa. Sabon kundin hukumar na 2018 ya zo da ƙa'idar mutum ɗaya kujera ɗaya. Kafin ka ce kwabo, a 2019 takardun ƙorafi suka fara zuwa kan manyan tsofaffin 'yan wasa. Sachin Tendulkar da V.V.S. Laxman da Sourav Ganguly suna kwamitin ba da shawara na hukuma, suna kuma taimaka wa ƙungiyoyin IPL. Rahul Dravid yana shugabantar makarantar horon 'yan wasa ta ƙasa alhali sunansa na cikin ma'aikatan India Cements. Sai da ya bayyana gaban jami'in ɗa'a kafin a wanke shi. Kapil Dev kuwa, tsohon kyaftin ɗin Indiya, ajiye kujerarsa a kwamitin ba da shawara ya yi. Mutanen da suka fi kowa sanin wasan suka fara gudun yi wa hukuma aiki. A 2022 kotu da kanta ta sassauta dokar hutun wa'adi.

In ƙasar da ke da dubban tsofaffin 'yan wasa ta ji wannan doka ta matse ta, ina ga Sakkwato, inda waɗanda suka iya riƙe littafin maki ba su wuce a ƙirga da yatsu ba? Kuka ce kowa kujera ɗaya, ba mai shago, ba mai ɗa, ba mai makaranta, to kun tashi kwamitin. Abin da ya kamata ku ara daga kundin nasu shi ne rabon da ya yi wa matsalar gida biyu. Akwai wadda take warwaruwa in mutum ya bayyana abin da yake da shi, ya kuma janye hannunsa daga wannan shawara. Akwai wadda ba ta warwaruwa sai ya saki kujera ɗaya. Aikinku shi ne ku zauna ku ga kowane ƙulli a wane gida yake.

Maganar ɗa

A ganina wannan ba ya warwaruwa da bayyanawa kawai, kuma na san da yawa za su ce na tsananta. Roger Binny, wanda ya ci kofin duniya da Indiya a 1983, yana cikin masu zaɓe lokacin da ɗansa Stuart ya fara buga wa ƙasa a 2014. An ce yakan tashi ya fita duk lokacin da aka zo kan sunan ɗan. Duk da haka a ƙarshen 2015 hukuma ta cire shi daga kwamitin saboda wannan dalili. Shi kuwa Stuart, wanda ya fitar da 'yan wasan Bangladesh shida aka ci shi maki huɗu kacal a wasa ɗaya, bai tsira daga gorin cewa uba ne ya shigar da shi ba.

Me ya sa fita daga ɗaki bai isa ba? Ka ɗauka kujeru goma sha huɗu ne a tawaga. Uba ya fita da aka zo kan ɗansa, ya dawo aka zo kan yaron da ke neman gurbi ɗaya da ɗan nasa. Duk abin da ya ce kan wannan yaro, kan ɗansa ya faɗa. Na biyu kuma, mu Hausawa ne. Dattijo ya fita ya tsaya gindin darbejiya yana danna waya, ku ukun da kuka rage kuna hango shi ta taga, kowa ya san shi ya sayi ƙwallon da aka yi gasar da ita. Wane ne cikinku zai buɗe baki ya ce a bar yaron? Nauyinsa yana nan a kujerar ko da ya fita.

Akwai kuma ɗaya fuskar da ba a cika faɗa ba, kuma a ƙasar nan tamu ta kunya da kara ta fi yawa fiye da yadda ake zato. Na taɓa zama a wani zaɓe, ba na kurket ba ma, inda uba ya karɓi takarda ya ja layi kan sunan ɗansa da hannunsa, ya ce kada a ce ya yi son kai. Yaron shi ya fi kowa a duk gwajin da aka yi. Ranar tafiya ya zo tasha da 'yar jakarsa, don ba wanda ya iya gaya masa, ya tsaya yana kallo mota ta tashi. Mutane suka yi ta yabon uban, ni kuwa zalunci na gani. Don haka in kun cire dattijo daga zaɓe, ɗansa kuka fara yi wa adalci.

Shawarata: ya ci gaba da shugabanci, amma ya bar kwamitin zaɓe gaba ɗaya har ɗansa ya wuce shekarun gasar. Ku naɗa mutum uku daga makarantu daban-daban, waɗanda ba su da ɗa ko ƙane a cikin yaran. Kafin a jefa ƙwallon farko a gasa, a rubuta abin da za a duba: makin da yaro ya ci, waɗanda ya fitar, kamun ƙwallo, zuwa atisaye, da yawan masu bugu da masu jifa da tawaga ke buƙata. A nan kurket ya fi ƙwallon ƙafa sauƙi, don kowace jifa tana rubuce a littafin maki. Amma fa a sami mai riƙe littafin da ba ɗan makarantar da ke wasa ba. In an fitar da sunaye, a fitar da su tare da alƙaluman kowa. Takardun shekaru su ma wani daban ya duba su, ya gwada takardar haihuwa da rajistar makaranta, don rage shekaru shi ne cogen da ya fi cin wasannin yara a ƙasar nan.

Shago da koci

Shago kuwa yana warwaruwa, kuma ban ga dalilin da za ku daina saye a wurinsa ba. Kayan kurket ba a kowace kasuwa ake samun su ba. Yawancinsu a Sialkot ta Pakistan da Meerut da Jalandhar na Indiya ake yin su, sai sun ratso ta hannun dillalai kafin su iso Arewa. Mai yiwuwa dattijon ne ma mafi araha. Abin da ake buƙata shi ne a iya nuna haka.

Koci da sakatare su rubuta abin da ake so, dalla-dalla. Nan ne rigima ke shiga, don "ƙwallo goma da sanda biyar" ba bayani ba ne. Ƙwallon fata mai ɓari huɗu ta fi mai ɓari biyu tsada da ƙarko. Sandar itacen Kashmir ba kuɗinta ɗaya da ta itacen Ingila ba, ga kuma girma daidai tsawon yara. A aika wannan takarda ga masu sayarwa uku, har da shi, kowa ya ba da farashi haɗe da kuɗin mota zuwa Sakkwato. Kada ya ga na sauran kafin ya ba da nasa. Ranar zaɓar mai sayarwa ya fita, a rubuta a littafin taro cewa ya fita. Ba ya sa hannu a biyan kuɗin da zai shiga shagonsa, kuma in kaya sun iso wani ne zai buɗe kwali ya ƙirga, ya karɓi rasit. A wani kwamiti da na zauna, ranar da aka fara karanta farashi uku a bainar taro sai aka ga na mutumin da ake zargi shi ne mafi ƙasa, har da ragin da ya daɗe yana yi bai taɓa faɗa ba. Guna-gunin wata da watanni ya mutu a zama ɗaya.

Na kocin ya fi na shagon nauyi, ko da yake ka ambace shi a taƙaice. Yana karɓar kuɗi daga iyayen wasu yara, kuma darajar ajinsa na yamma tana ƙaruwa da yawan yaransa da suka shiga tawaga. A Pakistan, Inzamam-ul-Haq ya ajiye shugabancin masu zaɓe a watan Oktoban 2023, ana tsakiyar gasar kofin duniya, bayan an taso da maganar hannun jarinsa a wani kamfani da ke da alaƙa da wakilin wasu manyan 'yan wasan ƙasar. Ban ce ku hana kocinku neman abincinsa ba. Na san abin da ake ba koci a wasannin makarantu, in ma an ba shi. Ya dai rubuta sunayen yaran da ke biyan shi ya ba kwamiti. A wurin zaɓe a ji ra'ayinsa, don ya fi kowa sanin yaran, amma ba shi da ƙuri'a. Kuma kowace shekara a yi ranar gwaji kyauta, a sanar a duk makarantu, don ɗan mai tura baro ya san ba sai ta ajin yamma ake shiga ba.

Kuɗin aljihu

Yanzu ga wanda na ce zai fi ba ku wahala. Mutumin da ke ciyar da ƙungiya daga aljihunsa, sannu a hankali yakan fara jin tasa ce, ku kuma ku fara jin ba ku da bakin tambaya. Ba mugunta ba ce, halin ɗan Adam ne. A Ingila, Colin Graves ya ceto ƙungiyar Yorkshire daga durƙushewa a 2002, ya shugabance ta, daga 2015 zuwa 2020 kuma ya shugabanci hukumar kurket ta Ingila baki ɗaya, alhali ƙungiyar tana ɗauke da bashin miliyoyin fam na asusun iyalinsa. Da ƙungiyar ta sake shiga matsi, bashin ya kai kusan fam miliyan 15, shi ne dai ya dawo kujerar a 2024. Ba wanda ya ce ya saci kwabo, amma ƙungiyar da mai bin ta bashi ke shugabanta zaɓinta kaɗan ne.

Maganin a wurinku mai sauƙi ne in an fara da wuri. Duk abin da dattijo ya fitar, a ranar a tambaye shi: Alhaji, wannan kyauta ce ko bashi? A rubuta amsar, ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce an raina shi. In ba a yi haka ba, ranar da wani mai tallafi ya ba ku kuɗi, dattijo ya ɗebi abin da ya san ya kashe a baya, shi a wurinsa haƙƙinsa ne, a idon iyaye kuwa sata ce, kuma ba takardar da za ta raba gardama. Ku buɗe asusun banki da sunan kwamiti, mutum biyu su riƙa sa hannu, a daina tura kuɗin rajista ta asusun mutum ɗaya. Duk wani alawus ko ihsani da ɗan kwamiti ya samu saboda kujerarsa, a faɗe shi a taro. A Afirka ta Kudu, babban jami'in hukumar kurket Gerald Majola ya rasa aikinsa a 2012 saboda ladan rand miliyan 4.7 da aka raba masa da ma'aikata bayan ƙasar ta karɓi baƙuncin IPL a 2009, ba tare da an bi ta kwamitin da ke kula da albashi ba. Aikin sun yi shi, rashin bayyanawar ne ya ja masa.

Kada ka ce ai mu ba mu da kuɗin da za a yi rigima a kai. Kurket na tasowa a Najeriya. Yaranmu maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, matanmu sun ci tagulla a Wasannin Afirka a Accra a 2024, 'yan matanmu kuma sun doke New Zealand a kofin duniya na 'yan ƙasa da 19 a Malesiya a Janairun 2025. Wasan zai shiga Olamfik a Los Angeles a 2028. Gurbin tafiya da kayan tallafi za su riƙa zuwa, kuma ƙa'idar da aka rubuta tun ba komai a tukunya ta fi karɓuwa fiye da wadda aka kawo ranar rabo.

Yadda za a tunkari dattijo

Kada a tayar da maganar a zauren WhatsApp, kada kuma a jefa masa ita a tsakiyar taro. Ka sami sa'ansa, wanda yake jin nauyinsa, ku je gida bayan sallar Isha. Ku gaya masa gaskiya cewa iyaye na magana, kuma abin da kuke so shi ne ku kare sunansa da na yaron. Ka fara da kanka, Malam, don kai ma kana ciki: malamin wasanni ne kai, kana da ɗalibai a gasar, kuma shugaban makarantarka zai ji daɗi in sun fi yawa a tawaga. Ku ware shafi a littafin taro, kowa ya rubuta abin da ya haɗa shi da wasan, shago ne, ɗa ne, makaranta ce, ajin yamma ne, a sabunta shi kowace shekara. In kowa ya rubuta, ba wanda aka nuna da yatsa. Mafi kyau ma shi da kansa ya gabatar da tsarin a taro a matsayin shawararsa. Ku haɗa da wa'adi, shekara biyu ko uku a sake zaɓe, tun yanzu da kowa ke son sa.

Labarin daga bakinka kaɗai na ji shi, kuma takarda ba ta hana mutanen da suka haɗa baki yin abin da suka ga dama. Manyan ma ba su gama da matsalar ba: Jay Shah, wanda ya hau shugabancin ICC a Disamban 2024, ɗan ministan cikin gidan Indiya ne, shugaban hukumar Pakistan Mohsin Naqvi kuwa shi kansa ministan cikin gida ne, alhali ICC ɗin ta dakatar da Zimbabwe a 2019 da Sri Lanka a 2023 kan katsalandan na gwamnati. In kuma kun yi rajista ƙarƙashin hukumar wasanni ta jiha ko Hukumar Kurket ta Najeriya, ƙa'idojinsu ne a gaba da naku, sai ku nemi kwafinsu ku daidaita.

Ka tambayi abin da zai faru in ya ji haushi ya janye. Akwai inda za ku iya sassautawa: wa'adi zai iya jira, farashi uku zai iya zama biyu in masu sayarwa sun yi wuya. Biyu ne ban ga sassauci a kansu ba, zamansa a zaɓe alhali ɗansa na ciki, da sa hannunsa a kuɗin da zai shiga shagonsa. In ya ƙi waɗannan, ku yi masa godiya ta gaskiya a gaban jama'a, ku biya duk bashin da yake bi, ku rage girman gasar. Ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif, wadda yaran Karachi suka daɗe suna koyon jifa da ita a kan titi, ba ta buƙatar hular kwano ko kariyar ƙafa, kuma makarantu huɗu za su iya haɗa kuɗinta daga abin da suke warewa na wasanni har ku sami wani mai tallafin.